Kukan Dare: Tarihin Kwanciyar Ƙananan Yara Daga Ƙasar Hausa Zuwa Gurugu

Gurugu unguwa ce a gefen birnin Tamale, a arewacin Ghana, cikin yankin Sagnarigu wanda aka ware daga Tamale a 2012. Yawancin mazaunanta Dagomba ne, amma akwai baƙi daga wurare dabam dabam, kuma ana jin Hausa a kasuwanni da tashoshin birnin. Sa'ad da dare ya raba, motoci da babura suka yi shiru, akwai muryar da ba a rasa ji daga wani ɗaki, wato kukan yaro ɗan shekara 2 ko 3 wanda ya farka, ya ga duhu, ya nemi uwarsa. Uwar kuwa da sassafe za ta fita neman abinci. Maigida ya ce a ƙyale shi ya yi ta kuka har ya gaji. Maƙwabciya ta ce a kira masa Dodo, nan da nan zai yi tsit. Wata kuma ta ce ai akwai maganin da ake ɗura wa yaro ya yi barci har safe.

Kowace shawara cikin ukun nan tana da nata tarihi. Akwai kuma ta huɗu wadda ta girme su duka, ita ce a sami mutum kusa da yaro sa'ad da ya farka. Wanda ya san inda kowacce ta fito zai fi sanin wadda zai riƙe da wadda zai yar.

Hanyar Gwanja

Goro ne ya kawo Hausawa wannan ƙasa. A ƙarni na 18 da na 19 fatake sukan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, su haye Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi har su kai Salaga a ƙasar Gwanja. Suna kawo kanwa da tufafi da kayan fata, su koma da goro. Tafiyar takan ɗauki watanni, madugu yana gaba, ana sauka zango zango. Mata ma suna cikin ayari, waɗansu kuwa da goyo. Waɗanda suka zauna ba su koma ba, su ne suka kafa unguwannin da har wa yau ake kira zango a Ghana.

A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa. A 1907 Turawan Ingila suka ɗauke hedkwatar mulkinsu na arewa daga Gambaga suka kawo ta Tamale, garin ya fara girma, aka kuma sami zangon Hausawa a cikinsa. Baƙin nan ba kaya kaɗai suka zo da su ba. Sun zo da koko da ƙosai da tuwon zafi, waɗanda sunayensu suka zauna a bakin mutanen Ghana. Sun kuma zo da yadda ake goyo, da yadda ake yaye, da tatsuniyoyin da ake yi wa yara kafin barci.

Ɗakin uwa

A gidan Bahaushe na dā kowace matar aure tana da ɗakinta, kuma a nan take kwana da ƙananan 'ya'yanta. Mai shan nono yana kwance a jikinta, yayyensa suna kan tabarma kusa. Fitilar man kaɗanya ko ta man gyaɗa ba ta kwana a kunne, gama mai yana da tsada, don haka ɗakin duhu ne ƙirin. Amma yaro bai san kwana shi kaɗai ba. Idan ya motsa, kafin kukansa ya yi ƙarfi an ba shi nono. Idan nono bai isa ba, uwa ta tashi ta goya shi, ta ɗaure da majanyi, ta yi ta kai da kawowa a tsakar gida tana jijjiga shi da waƙar reno har jikinsa ya saki.

Aikin kuwa ba na mace ɗaya ba ne. Akwai kishiya, akwai matar wa da matar ƙane, akwai 'yar reno, akwai kaka. Al'adar kunyar ɗan fari ma takan sa uwa ta ja da baya, kakanni su karɓi yaron, su riƙa wasa da shi. Kaka ta kira jikanta namiji mijinta, ta kira ta macen kishiyarta. Saboda haka yaro yana tasowa da sanin bayan mutum fiye da ɗaya da zai iya barci a kai.

Babbar shaidar wannan zamani ita ce Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877. Ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, ta rasu a 1951, aka buga littafin a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta tashe su. Labarinta ya nuna cewa ɗa na dangi ne gaba ɗaya, kuma macen da ba ta haifa ba tana iya zama uwa cikakkiya ga wanda aka ba ta riƙo.

Dagomba, masu ƙasar da baƙin suka tarar, al'adarsu ba ta yi nisa da wannan ba. Mace takan koma gidan iyayenta da jaririnta ta daɗe a can, sa'an nan sau da yawa akan ba gwaggo 'ya mace ta riƙe. Christine Oppong ta rubuta wannan a littafinta kan tarbiyyar yara a ƙasar Dagomba a 1973, Esther Goody kuma ta yi irin wannan nazari a kan riƙo a ƙasar Gwanja.

Dararen yaye

Duk da haka akwai dararen da ko a zamanin dā suke da wuya. Yaro yakan sha nono har kusan shekara 2. Ranar da za a yaye shi, sai a kai shi gidan kaka ko wata babbar mace cikin dangi, ya yi kwanaki a can bai ga uwarsa ba. Waɗansu sukan shafa abu mai ɗaci a kan nono don ya ƙi shi. Musulmi sukan karɓo masa rubutu wurin malam. Abin da ya saba samu duk sa'ad da ya farka, rana ɗaya an ɗauke masa, ga shi kuma a baƙon ɗaki. Kukan yaye sananne ne, har akan kwatanta da shi.

Hikimar da ke cikin al'adar ita ce ba a bar shi ya yi kukan shi kaɗai. An raba shi da nono, amma an ba shi bayan kaka. Ita za ta kwana tana goyo, tana ba shi fura ko koko, tana lallashi, har kwanaki su wuce ya haƙura. Inda abin yakan ɓaci shi ne idan an yi yaye da gaggawa saboda sabon ciki, kuma babu abinci mai gina jiki da zai maye gurbin nonon. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a asibitin yara a Accra, ta bayyana cutar irin waɗannan yara a 1933, a 1935 kuma ta kira ta da sunan da mutanen Ga suke kiranta, kwashiorkor, wato ciwon ɗan da ƙane ya ture. Cikin alamunta akwai kumburi da sauyin launin gashi, akwai kuma yawan ƙunci da kuka. Tun a lokacin aka gane cewa wani kukan ba rigima ba ce, yunwa ce ko rashin lafiya.

Daga ina Dodo ya fito?

Gidan da ya iya lallashi, shi ne kuma ya iya tsoratarwa. Uwa ta gaji, yaro ya ƙi shiru, sai ta ce, "Ka yi shiru, ga Dodo nan," ko kuwa ta ce kura tana bakin ƙofa. Ba a banza wannan ya samo asali ba. A zamanin dā dare yana da haɗari na gaske. Kuraye suna yawo a bayan gari, mahara kuma suna kama mutane. Baba ta Karo ta ba da labarin yadda masu kama bayi suka faɗa wa ƙauyukansu, aka kwashe waɗansu cikin danginta, sai da aka fanso su. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama yana ƙarami, wanda daga baya ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, ya faɗa wa J. F. Schön yadda aka raba shi da iyayensa. A arewacin Ghana kuma, a shekarun 1880 da 1890, Babatu da mayaƙansa Zabarmawa sun addabi ƙasar Gurunsi, Salaga tana kasuwar bayi. Babatu ya ƙare kwanakinsa a Yendi. A irin wannan zamani, kukan yaro cikin dare yana iya tona asirin mutanen da suka ɓuya, fitar yaro waje kuwa yana iya zama ƙarshen ganinsa. Dodo shinge ne da aka yi da baki domin a tsare yaro a cikin ɗaki.

Amma magabata ba su bar Dodo haka kawai ba, sun sa shi cikin tatsuniya. Da dare ake yin ta, bayan an ci tuwo, yara sun kewaye kaka. A buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," a rufe da "Ƙurungus." Tsoron yana da ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma ana jinsa ne a jingine da jikin babba. A ƙasar Ghana ma aka rubuta waɗansu cikin tatsuniyoyin nan. Wani malami Bahaushe, Malam Shaihu, ya rubuta su da ajami, R. S. Rattray ya fassara ya buga su a 1913. A Nijeriya kuma Frank Edgar ya buga nasa tarin cikin littattafai 3 tsakanin 1911 da 1913.

Tatsuniyar Ɗan Auta ta fi kowace dacewa da zancen nan. Iyaye za su mutu, suka bar wa yayarsa wasiyya cewa kada ta bar shi ya yi kuka. Saboda haka duk ɓarnar da ya so yi, da zarar ta hana shi ya buɗe baki, sai ta ƙyale shi. Ya ƙone rumbunan hatsi, ya jawo musu masifa iri iri. A ƙarshe suka sauka a garin da Dodo yake zuwa kowane dare yana ruri, kowa ya kulle ƙofa. Auta ne kaɗai ya amsa masa, ya jefa masa duwatsu masu zafi a baki, Dodo ya mutu. Tsofaffi sun ɗaure darussa biyu a nan. Na fari, wanda tsoron kukan yaro ya sa yake ba shi duk abin da ya nema, zai kwana ba rumbu. Na biyu, Dodo ana iya kashe shi, kuma mafi ƙanƙanta a gida ne ya kashe shi. Uwar da ke kiran Dodo don a yi shiru ta ɗauki rabin gadon ne, ta bar rabin da ke warkarwa.

Shawarar da ta zo daga Turai

Zancen a ƙyale yaro ya yi kuka har ya gaji yana da marubuta da shekaru. A 1894 likita L. Emmett Holt na Amurka ya buga littafin renon yara wanda ya koyar da shayarwa bisa agogo, da barin yaro ya gama kukansa idan lafiyarsa lau. A 1907 Truby King ya kafa ƙungiyar Plunket a New Zealand bisa irin wannan tsari. A 1928 John B. Watson ya gargaɗi iyaye mata kada su cika runguma da sumba. Koyarwar ta taso ne a gidajen da yaro yake da nasa gado, wani lokaci da nasa ɗaki. Ta iso Afirka ta Yamma ta hanyar makaranta da littattafai, har waɗansu masu ilimin boko suka ɗauka kwana da yaro alamar rashin wayewa ce.

Maganin barci ma ba sabon abu ba ne. Daga 1849 aka riƙa sayar da wani ruwan magani mai suna Mrs Winslow's Soothing Syrup a Amurka da Ingila, domin yara masu kuka. Akwai mofin a cikinsa, wanda ake samu daga ofiyom. Yara suna barci kam, amma waɗansu ba su farka ba. Dokar Amurka ta 1906 ta tilasta a rubuta irin waɗannan sinadarai a jikin kwalba, a 1911 kuma ƙungiyar likitocin ƙasar ta sa maganin cikin jerin masu kashe jarirai.

Daga baya ra'ayi ya juya. Benjamin Spock a 1946 ya ƙarfafa iyaye su amince da hankalinsu, su nuna wa yara ƙauna. Abin lura kuma, ɗaya daga cikin manyan binciken da suka gyara tunanin Turai a Afirka aka yi shi. A 1954 da 1955 Mary Ainsworth ta zauna tana lura da jarirai 28 da iyayensu a ƙauyukan da ke kusa da Kampala a Uganda, ta buga sakamakon a 1967. Ta ga cewa yaron da ya tabbata uwarsa za ta amsa masa, shi ne ya fi sakin jiki ya rarrafa nesa ya yi wasa. Ashe amsa kukan yaro ba ya mai da shi matsoraci. Ko Richard Ferber, wanda littafinsa na 1985 ya shahara a kan koya wa yaro yin barci da kansa, bai ce a kulle ƙofa a tafi ba. Cewa ya yi a riƙa komowa ana leƙa yaron, ana ƙara tazara kaɗan kaɗan.

Sauro, lantarki da waya

Abu uku suka sāke daren yaro a Tamale a ƙarshen ƙarni na 20 da farkon na 21. Na fari gidan sauro ne. Daga 1993 zuwa 1995 Fred Binka da abokan aikinsa sun yi gwaji a Navrongo, aka buga sakamakon a 1996: gidan sauro mai magani ya rage mutuwar ƙananan yara da kashi 17 cikin 100. Yaro da yawa da ake cewa mayu ko iskoki suna firgita shi da dare, zazzaɓin cizon sauro ne yake cinsa.

Na biyu wutar lantarki ce. A 1987 hukumar kogin Volta ta kafa sashen kai wuta arewa, cikin 'yan shekaru kuma layin ya iso Tamale. Duhun ɗaki ya ragu, hira ta ƙara tsawo, talabijin ya zauna a inda kaka take zama. A shekarun ɗauke wuta na 2012 zuwa 2016, waɗanda mutanen Ghana suka laƙaba wa suna dumsor, yaran da suka saba barci da haske da fanka sun gamu da duhu da zafin da kakanninsu suka ɗauka ba kome ba ne. Na uku kuwa wayar hannu ce, wadda take kawo wa ɗan shekara 2 dodanni masu motsi da murya, ba wanda ya buɗe masa labarin, ba wanda ya rufe.

Sauyin da ya fi duka nauyi shi ne na mutane. A sababbin unguwanni kamar Gurugu, miji da mata da yawa suna zaman haya, kaka tana ƙauye ko wani gari. Aikin da mata huɗu ko biyar suke rabawa a dā ya dawo kan mace ɗaya. Ba yaran ne suka ƙara rigima ba, hannuwan da ke ɗaukarsu ne suka ragu.

Abin da ya kamata a riƙe

Ilimin likita ya tabbatar da cewa kowane mutum yana farkawa kaɗan sau da dama cikin dare, gama barci hawa hawa ne. Babba yakan juya ya koma bai sani ba. Ƙaramin yaro kuwa yakan nemi abin da ya yi barci da shi, ko nono, ko baya, ko hannun uwa. Tsakanin shekara 2 da 4 tunaninsa yana buɗewa, amma bai iya raba mafarki da gaskiya ba tukuna, don haka rigar da aka rataye a ƙusa tana iya zama mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuwa awa 10 zuwa 13. Ta kuma ce kada a sa ɗan shekara 1 gaban waya ko talabijin, na shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1.

Akwai bambanci tsakanin mugun mafarki da firgitar dare. Mafarki yakan zo wajen asuba, yaro ya farka sarai, ya gane uwarsa, ya nemi a rungume shi. Firgita kuwa takan zo a farkon dare. Yaro ya yi ihu, idonsa a buɗe, amma bai san kowa ba, da safe kuma ba ya tuna kome. Wannan ba a girgiza shi don ya farka, sai a tsare shi kada ya ji ciwo har ta wuce. Amma idan akwai zafin jiki, ko jijjiga, ko numfashi da kyar, ko yaro yana jan kunne, ko yana ramewa, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba.

Ga hukuncin da tarihi ya yanke wa shawarwarin nan uku. Maganin barci ba tare da umarnin likita ba, an riga an ga ƙarshensa, an binne yara saboda shi. Dodo ya tsare yara a zamanin mahara da kuraye, amma wannan zamani ya wuce, abin da ya rage masa shi ne ya cika duhu da abin tsoro, ya ƙara kukan gobe. Ƙyale yaro kuwa yana da 'yar gaskiya a cikinsa, wadda tatsuniyar Auta ta riga ta faɗa, cewa ba kowane kuka ake saye da biyan bukata ba. Ana iya hana yaro wasa da tsakar dare, a ƙi ba shi waya, a mai da shi shimfiɗarsa, amma a zauna kusa da shi, a sa masa hannu a baya, a ce, "Ga ni nan, kwanta."

Magabata suna da tsarin dare wanda ba ya sākewa: wanka, tuwo, tatsuniya, addu'a, shimfiɗa. Musulmi suna tofa wa yaro addu'a kafin ya kwanta. A gidajen Kirista masu jin Hausa, tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, akan karanta Zabura ta 4 ko ta 121, a yi waƙa, a ambaci sunan yaro cikin addu'a yana ji. Yaron da ya san abin da ke biye da wane, jikinsa yakan fara saki tun kafin a kashe fitila.

Saura wurin kaka da ya zama wofi. Wannan ba littafi ko magani da zai cika shi, sai mutum. A gidan da babu kishiya, babu matar wa, babu 'yar reno, mafi kusa da zai karɓi yaro da tsakar dare shi ne ubansa. Bayansa kuma sai maƙwabta da matan zumunta, waɗanda za su iya ɗaukar yaro da rana domin uwa ta runtsa. Fataken Gwanja sukan raba tsaron dare a zango, wani ya kwanta wani ya tashi, da haka ayari yake kaiwa Salaga lafiya.